Ko Harshe Yana Nuni Ga Gaskiya Guda Da Ɗabi'u Na Kowa Da Kowa? Suka A Kan "Mutumin Kirki" Da Wasu Ra'ayoyi

1.0 GABATARWA

Akwai wata magana da ta yawaita a bakin ɗalibanmu masu koyon aikin malanta, musamman waɗanda suka ɗan leƙa ilimin harsuna. Da zarar gardama ta yi zafi a aji, sai a ji wani ya ce ai kowane harshe da tasa gaskiyar, abin da Bature ya kira gaskiya daban, abin da Bahaushe ya kira gaskiya daban. Mai faɗin haka yana ganin martabar harshensa yake karewa. To, amma in aka bi maganar har ƙarshenta, za a tarar ta rushe abubuwa da dama da muke dogara da su kullum. Shaidar da aka bayar a kotu ta bakin tafinta ba ta da sauran amfani ke nan, haka littafin kimiyyar da aka juya zuwa Hausa, haka yarjejeniyar da falke ya ƙulla da abokin cinikinsa a Kumasi ko Fatakwal.

A ɗaya gefen kuma akwai masu cewa tun da kowane harshe yana da kalmomin yabo da na zargi, to, ɗabi'un kirki iri ɗaya ne a duniya duka, harshe ma ya isa shaida.

Maƙasudin wannan takarda shi ne a auna waɗannan ra'ayoyi biyu. Za mu ɗauki laccar nan ta Kirk-Greene mai suna "Mutumin Kirki" ta zama abin gwajinmu, sa'an nan mu duba ginin maganar Hausa ita kanta. Abin da muke son tabbatarwa kashi biyu ne. Na farko, harshe yana nuni ƙwarai ga ma'aunin gaskiya wanda ya game dukkan masu magana. Na biyu, nunin da yake yi ga ɗabi'u bai kai wannan ƙarfi ba, domin fagen muhawara kurum yake bayarwa, ba ya yanke hukunci.

2.0 TUSHEN MUHAWARAR

Wannan gardama ta girmi ilimin harsuna na zamani nesa ba kusa ba. A ƙarni na 10 na Miladiyya an yi wata shahararriyar muƙabala a Bagadaza, a majalisar waziri Ibn al-Furat, tsakanin Abu Sa'id al-Sirafi, masanin nahawun Larabci, da Matta ibn Yunus, masanin manɗiƙi kuma mai fassara littattafan Aristotle. Abu Hayyan al-Tauhidi ne ya adana mana labarinta. Matta yana ganin manɗiƙi sikeli ne na kowa da kowa, domin ma'anoni ba su da ƙabila, ya kuma kafa misali da lissafi, cewa huɗu da huɗu takwas suke a wurin kowace al'umma. Shi kuwa al-Sirafi yana ganin wannan manɗiƙi an gina shi ne bisa harshen Girkawa, saboda haka ba shi da ikon yi wa Balarabe hukunci a kan maganarsa. Duk wanda ya lura zai ga cewa gardamar ɗalibanmu ce dai, an yi ta da Larabci shekaru fiye da dubu da suka wuce.

A ƙarni na 20 ra'ayi irin na al-Sirafi ya sake tasowa a Amurka ta hannun Edward Sapir da almajirinsa Benjamin Lee Whorf. Whorf ya rasu a 1941, an kuma tattara rubuce-rubucensa an buga a 1956. Babban misalinsa shi ne harshen Hopi na jihar Arizona, wanda ya ce ba shi da kalmomi ko sigogin nahawu masu nuna lokaci yadda Bature ya san shi, don haka Bahopiye wata duniya yake gani daban. A 1983 Ekkehart Malotki ya buga littafi mai shafi fiye da 600 cike da misalan yadda mutanen Hopi suke ƙidayar kwanaki da ambaton jiya da gobe da lokutan shekara. Tun daga nan masana suka rage ƙarfin da'awar. Abin da ya rage ana karɓa shi ne harshe yana iya karkata hankalin mai shi ga wasu abubuwa, amma ba ya kulle shi a ɗaki.

Akwai kuma wata matsala da ke cikin ra'ayin tun asali. Da Ingilishi Whorf ya bayyana mana tunanin Hopi, muka kuwa fahimta. In da harsuna ɗakuna ne kulallu, da bayanin bai yiwu ba. Har wa yau, mai cewa kowane harshe da tasa gaskiyar yana so ne mu karɓi wannan magana tasa a matsayin gaskiya ga dukkan harsuna. Ya hau reshe ke nan yana sararsa.

3.0 "MUTUMIN KIRKI": ABIN YABO DA ABIN SUKA

A. H. M. Kirk-Greene, wanda ya rasu a 2018, ya yi aikin mulki a Arewacin Nijeriya, ya koyar a Zariya, daga baya ya koma Jami'ar Oxford. Shi ne ya tattara karin magana 500 a littafin da ya fito a 1966. Laccarsa a kan mutumin kirki an gabatar da ita ne a Jami'ar Indiana don tunawa da Hans Wolff, aka buga ta a 1974. A cikinta ya fitar da siffofi goma da ya ce da su Bahaushe yake auna mutum: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci.

Dole a yaba wa wannan aiki. A lokacin da wasu suke ɗauka cewa sai a littattafan falsafa ake samun tunani a kan ɗabi'a, shi ya nuna cewa tunanin yana nan shimfiɗe cikin kalmomi da karin maganar mutanen kasuwa da gona. Shi ya sa har yau da wuya a rubuta kundi a kan tarbiyyar Hausawa ba a ambace shi ba. Sai dai yawan ambaton ya sa an daina tuhumarsa, alhali ana kafa hujja da shi ta fuskoki biyu masu karo da juna. Wasu su ce ga shi nan ɗabi'un Bahaushe nasa ne shi kaɗai. Wasu su ce ga shi nan ɗabi'unmu ɗaya da na kowa. Muna ganin jerin kalmomi ba zai iya ɗaukar ko ɗaya daga cikin kayan nan biyu ba, saboda dalilai uku.

3.1 Asalin Kalmomin

Shida daga cikin goman daga Larabci suka shigo: amana, karamci, hankali, ladabi, hikima da adalci. Mai ra'ayin Whorf yana iya cewa ashe kafin zuwan Larabci Bahaushe bai san amana ba. Wannan kuskure ne bayyananne, domin rashin kalma guda ba ya nuna rashin ma'ana. Mutumin da aka ba ajiya ya cinye, ai ba sai an ari kalma ba kafin a ƙi jinin abin da ya yi. Mai ɗaya ra'ayin kuma yana iya cewa sauƙin da aron ya yi shaida ce ta cewa ma'anonin ɗaya ne ko'ina. Shi ma ya yi gaggawa, domin kalmar aro takan canza kama. Kalmar da ta haifi "ladabi" a Larabci ta ƙunshi har da fasahar rubutu da waƙa, har ta sake shigo mana a wata siga, watau "adabi". Shi kuwa ladabin Hausa ya fi karkata ga durƙuso da sunkuyar da kai da tausasa murya gaban na gaba. "Hankali" kuma ya tashi daga ƙwaƙwalwa ya kai har ga natsuwa da bin abu sannu, kamar inda ake cewa "a yi a hankali".

3.2 Rashin Sikeli Tsakanin Siffofin

Jerin ya gaya mana abubuwan da ake so, amma wahalar ɗabi'a ba a nan take ba. Tana wurin da biyu daga cikinsu suka yi karo. Ɗauki gaskiya da kunya. Surukin mutum ya yi kuskure a gaban jama'a, gaskiya ta ce a faɗa, kunya ta ce a yi shiru. Ko ɗauki haƙuri da adalci. An zalunci marainiya a rabon gado, haƙuri ya ce ta bar wa Allah, adalci ya ce ta kai ƙara. Al'ummu biyu suna iya yarda da kalmomin nan goma duka, amma su saɓa a kan wadda za a fifita, saɓanin kuwa shi ne yake raba al'ada da al'ada.

3.3 Karin Magana Shaida Ce Mai Baki Biyu

Hujjojin irin wannan nazari galibi daga karin magana ake ɗebo su. Gaskiya ne Bahaushe ya ce "ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi", ya ce "ƙarya fure take ba ta 'ya'ya", ya ce "ramin ƙarya ƙurarre ne". Amma shi ne dai ya ce "gaskiya ɗaci gare ta", ya kuma cika tatsuniyoyinsa da Gizo, wanda da wayo da zamba yake cin abincinsa, yara suna tafi. Ya ce "haƙuri maganin zaman duniya", ya kuma ce "tura ta kai bango". Karin magana makami ne da ake zarowa gwargwadon bukatar zance. Mai nazari yana iya zaɓen waɗanda suka dace da abin da ya riga ya ƙudurta, ya bar sauran.

Saboda haka muna ganin "Mutumin Kirki" kyakkyawar ƙofa ce ta shiga, amma amsar tambayarmu ba a ƙamus take ba. Sai an gangara zuwa ga yadda ake gina magana da yadda ake amfani da ita.

4.0 KALMAR "GASKIYA" DA TAKWARORINTA

Kafin mu bar kalmomi, ya kamata mu dubi wannan guda ɗaya da kyau. Ga wasu misalai:

(1) Abin da ya faɗa gaskiya ne.
(2) Audu mutum ne mai gaskiya.
(3) Alƙali ya ba Binta gaskiya.
(4) Na ba da gaskiya ga Allah.

A (1) ana nufin magana ta dace da abin da ya auku. A (2) hali ne na mutum. A (3) rinjaye ne a shari'a, watau haƙƙi yana wajenta. A (4) kuwa imani ne. Abubuwa huɗu ke nan a bakin kalma guda, alhali Ingilishi da Larabci sukan rarraba su ga kalmomi daban-daban.

Masana a wasu sassan Afirka ta Yamma sun tarar da irin wannan. Kwasi Wiredu na Gana, wanda ya rasu a 2022, ya nuna cewa kalmar "nokware" ta harshen Akan ta fi kusa da misalinmu na (2), watau halin mai faɗin abin da ke zuciyarsa. In ana son ma'anar (1), sai a yi amfani da jimla mai nufin "haka abin yake". Barry Hallen da J. O. Sodipo kuma, a littafinsu na 1986, bayan doguwar tattaunawa da masu maganin gargajiya a ƙasar Ekiti, sun nuna cewa Bayarabe yakan keɓe kalmar "mo" ga abin da mutum ya gani da idonsa, abin da aka ba shi labari kuwa "gbagbo" ne, ko da a makaranta ya koya.

Shin wannan ya nuna gaskiyar Akan daban, ta Yarabawa daban, tamu daban? A ganinmu akasin haka ya nuna. Kowane harshe ya yanka gonar ne kunya-kunya yadda ya ga dama, amma gonar ɗaya ce. Bahaushe yana sane sarai da bambancin (1) da (2), domin yana iya cewa:

(5) Audu mai gaskiya ne, amma abin da ya faɗa ba haka yake ba, kuskure ya yi.

Bambancin "ƙarya" da "kuskure" ya isa hujja. Maƙaryaci ya san yadda abin yake ya faɗi wani abu daban, mai kuskure kuwa bai sani ba. Ba za a iya raba su ba sai an riga an yarda akwai yadda abin yake, ko an faɗa ko ba a faɗa ba. Abin da Bayarabe ya raba da aikatau biyu kuma, mu mun raba shi da "ganau" da "jiyau", muka ƙara da cewa "gani ya kori ji".

5.0 HUJJA DAGA GININ MAGANA

5.1 Korewa

Ba a taɓa samun harshen ɗan Adam da ba shi da hanyar kore magana ba. Hausa tana da "ba ... ba" da "babu" da "kada". Duba waɗannan:

(6) Ruwa ya ci gadar.
(7) Ruwa bai ci gadar ba.

Duk mai jin Hausa ya san in gada ɗaya ake nufi a lokaci ɗaya, (6) da (7) ba za su tabbata tare ba. Ba a makaranta ya koyi wannan ba, ba kuma daga Aristotle ba. Yaro ɗan shekara huɗu da ya ce "ƙarya kake" ya riga ya riƙe ƙa'idar. A nan Matta ya fi al-Sirafi gaskiya. Malaman balaga na Larabci ma da wannan suka raba magana gida biyu, suka ce labari shi ne abin da zai yiwu a gaskata ko a ƙaryata, saɓanin umarni da tambaya da fata.

5.2 Alamun Madogara

Sake duba jimla ta (6) da ɗan ƙari:

(8) Wai ruwa ya ci gadar.
(9) Ashe ruwa ya ci gadar.
(10) Lalle ruwa ya ci gadar.
(11) Ƙila ruwa ya ci gadar.

Labarin bai canza ba, abin da ya canza shi ne matsayin mai magana. Da "wai" ya zare hannunsa, ya ce ji ya yi. Da "ashe" ya nuna yanzu abin ya bayyana gare shi, saɓanin zatonsa. Da "lalle" ya ɗora mutuncinsa a kai. "Ƙila" kuwa asalinta Larabci ne mai nufin "an ce", sai Hausa ta mayar da ita alamar shakka, kamar dai tana cewa abin da aka ce ba a san mai cewa ba, ba abin dogara ba ne.

In direba ya dogara da (6) ya sauya hanya, daga baya ya tarar gadar lafiya lau take, yana da bakin zargin wanda ya gaya masa. In (8) aka gaya masa, za a ce da shi ai "wai" aka ce. Samuwar "wai" tana nuna cewa maganar da ba ta da "wai" alkawari ce, alkawari kuwa kaya ne. A Hausa sa wannan alama ganin dama ne. A wasu harsuna tilas ne. Alexandra Aikhenvald, a bincikenta na 2004, ta ƙiyasta cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na harsunan duniya suna nuna madogarar labari a cikin nahawunsu. Harshen Tuyuca da ke kan iyakar Kolombiya da Barazil yana da sigogi biyar: abin da aka gani, abin da aka ji ta wata gaɓa ban da ido, abin da aka gano daga alama, abin da aka samu labari, da abin da aka ɗauka bisa hankali. Hanyoyi sun bambanta, damuwar ɗaya ce: yaya aka yi ka sani?

5.3 Tatsuniya

Mai tatsuniya yakan buɗe da "ga ta nan, ga ta nan ku", a amsa masa. In ya gama ya ce "ƙurunƙus", sau da yawa ya ƙara da cewa ba don Gizo ba da ya yi ƙarya. Wannan buɗewa da rufewa shinge ne. A cikinsa kura tana magana, ba kuwa wanda zai ce an yi masa ƙarya. Ba a kafa shinge sai inda ake son raba wuri da wuri. In da magana ba ta ɗauke da nauyin gaskiya tun asali, da ba a bukaci neman izinin sauke shi ba.

5.4 Grice Da Habermas

Abin da misalan nan suke nunawa shi ne masana biyu suka tsara. H. P. Grice, a laccocinsa na Harvard na 1967, waɗanda aka buga sashensu a 1975, ya ce zance aikin haɗin kai ne mai ƙa'idoji huɗu: a faɗi gwargwadon bukata, a faɗi abin da aka yarda gaskiya ne, a faɗi abin da ya shafi zancen, a faɗe shi a fili. Jürgen Habermas na Jamus, a babban aikinsa na 1981, ya ce duk mai magana da nufin a fahimce shi yana ɗaga da'awa uku: cewa abin da ya faɗa haka yake, cewa ya dace ya faɗe shi, da cewa har zuci yake nufi. Ita kanta ƙarya a kan wannan take rayuwa. Maƙaryaci yana cin jarin amincin da masu gaskiya suka tara ne, kamar yadda jabun kuɗi ba ya tafiya sai a kasuwar da ake karɓar na ƙwarai.

6.0 SUKAR DA AKA YI, DA AMSARMU

A 1976 Elinor Ochs Keenan ta ƙalubalanci Grice da abin da ta gani a ƙauyukan Madagaska. A can mutane sukan rage bayani da gangan, har mutum ya ce "wani yana nemanka" alhali ya san ko wane ne. Dalilan da ta kawo su ne sabon labari abu ne mai daraja da ba a saki da arha, kuma ana gudun ɗaukar alhakin magana in ta jawo wani abu.

Wannan suka ba baƙuwa ba ce gare mu. Majiyyaci yana kwance rai a hannun Allah, a ce "yaya jiki", ya ce "da sauƙi". Manomi ya wuni yana huɗa, a ce "ina gajiya", ya ce "ba gajiya". Uwa ba ta kama sunan ɗan farinta, mace ba ta kama sunan mijinta, sai a ji "yaron nan" ko "maigidan". Ɗan kasuwa ya yanka kuɗin da ya san ba za a biya ba. Shin duk waɗannan ba su karya da'awarmu ba?

Ba su karya ba, domin ba wanda aka ruɗa. Mai dubiya ya san "da sauƙi" godiya ce ga Allah da kyautata zato. In yana son ainihin labari, sai ya ja mai jinya gefe ya ce "tsakani da Allah, yaya ake ciki?" Samuwar wannan tambaya ta biyu ita ce hujjar. Mai saye ya san kuɗin farko ƙofar ciniki ce, shi ya sa yake cewa "faɗi gaskiya", mai kaya kuma ya ce "gaskiyarsa ke nan". Uwar da ta ce "yaron nan" kowa ya san wanda take nufi. Habaici ma ba ya cizo sai don mai sauraro ya ɗauka cewa maganar da aka jefa wa kaza ko bango tana da inda ta dosa. Abin da Keenan ta tabbatar, muka kuma yarda da shi, shi ne kowace al'ada ita take tsara inda ake bin bashin cikakken bayani da inda aka yafe shi. Ma'aunin yana nan, wuraren ɗora shi ne suka bambanta.

Sai dai a kiyaye wani abu. Harshe ya tilasta mana neman hujja, amma bai gaya mana wace hujja ce ta isa ba. Kalmar "shaida" ba ta faɗi ko shaidu biyu ake bukata ko huɗu ba, fiƙihu ne ya faɗa. Ba ta faɗi ko mafarki hujja ne ko gwajin asibiti ba. Wannan aikin ilimi ne da bincike.

7.0 IYAKAR HARSHE A KAN ƊABI'U

Anna Wierzbicka ta fara neman ma'anonin da kowane harshe yake da su tun 1972, inda ta kawo 14. Zuwa 2014 ita da abokan aikinta sun kai jerin ga 65, a ciki har da "kyau" da "muni" da "gaskiya" da "sani". Ba dukkan masana suka yarda da jerin ba. Amma ko mun karɓe shi dungum, abin da ya ba mu kaɗan ne. Ya nuna kowa yana cewa "wannan da kyau", bai nuna kowa abu ɗaya yake nunawa da yatsa ba. David Hume ya riga ya yi gargaɗi tun wajen 1740 cewa ba a tsallakawa daga "haka ake yi" zuwa "haka ya kamata a yi" ba tare da wata gada ba.

Tarihinmu ya ba mu misalai biyu. Hausa tana da kalmomi birjik na bauta: bawa, baiwa, kuyanga, ƙwarƙwara, bacucane, murgu, fansa. Tana kuma da "adalci" da "mutunci" a daidai lokacin da ake sayar da mutane a kasuwa. Dokar da ta soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya sai a 1936 ta fito. Nahawun Hausa bai canza ba tsakanin kakanninmu da mu, hukuncinmu ne ya canza. Misali na biyu shi ne wasiƙun da aka yi musaya tsakanin Muhammadu Bello da Shehu al-Kanemi na Barno a kan halaccin yaƙar Barno, waɗanda Bello ya kawo cikin Infaƙul Maisuri a 1812. Malamai ne biyu, harshe ɗaya suke rubutu da shi, kalmomin adalci da zalunci ɗaya suke amfani da su, amma ba su daidaita ba.

Duk da haka misalin nan na biyu yana da wata fuska. Sun saɓa, amma sun yi ta rubuta wa juna, kowa yana kawo dalili yana neman a ba shi amsa. Wanda ya kawo dalili ya riga ya yarda cewa abokin gardamarsa mai hankali ne da za a iya gamsarwa, ya kuma yarda cewa shi ma ana iya kama shi da kuskure. A nan ne kaɗai muke ganin harshe ya taɓo ɗabi'a kai tsaye. Siffofi biyu daga jerin Kirk-Greene, gaskiya da amana, sharaɗi ne na yiwuwar zance, domin al'ummar da ta watsar da su gaba ɗaya ba za ta iya ko da aiken yaro kasuwa ba. Wani ɓangare na mutunci ma yana biye, tun da kalmar daga "mutum" ta fito, kuma yi wa wani magana amincewa ce da cewa shi mutum ne. Sauran bakwai ɗin, gwargwadonsu da jerin fifikonsu, daga addini da al'ada da tarihi suke samun cikarsu.

8.0 KAMMALAWA

Mun ga cewa ra'ayin "kowane harshe da tasa gaskiyar" ba ya tsayuwa, domin korewa da alamun madogara da shingen tatsuniya da bambancin ƙarya da kuskure duk suna nuna ma'auni guda da kowane mai magana yake aiki da shi. Mun kuma ga cewa jerin kalmomin yabo irin na "Mutumin Kirki" bai isa ya tabbatar da ɗabi'u na duniya duka ba, in ban da gaskiya da amana da wani yanki na mutunci, waɗanda zance ba ya yiwuwa sai da su.

Abu biyu muke roƙon mahalarta su duba. Na farko, masu tsara darasin Hausa su daina koyar da siffofin nan goma kamar haddar ƙidaya. A kawo wa ɗalibi inda kunya ta yi karo da gaskiya, a bar shi ya kawo dalili. Na biyu, masu nazarin nahawu su ba "wai" da "ashe" da "lalle" da "ƙila" da "mana" da "dai" kulawar da ta dace, musamman don amfanin tafintocin kotu da masu fassara labarai. Tafintan da ya yar da "wai" guda ɗaya ya mayar da jiyau ganau, kuma a kan irin wannan ana iya ɗaure marar laifi.